Guntun Ƙashin da Inna Ba Ta Binne Ba

Cinyata ta dama ta fara karyewa ne ina firamare, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kunci da Shanono. Ban faɗo daga bishiya ba, jaki bai harbe ni ba. Kunyar gyaɗa kawai na tsallaka a gonar Baba, sai na ji ƙas, na zauna.

Aka kira mai ɗori, wani tsoho mai sanyin hannu. Al'adarsa ita ce ya sa a kamo kaza, ya karya mata ƙafa ta ɓangaren da mutum ya karye, ya ɗaure ta da kara yadda ya ɗaure mutumin. Ranar da kaza ta taka, kai ma ka kusa takawa. Tawa kazar ta warke, ta koma tono a bola, har ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, ni ina kan tabarma ina harararta. Da na tashi daga baya, cinyar ta lanƙwashe kamar ƙotar fartanya. Bayan 'yan shekaru ta sake karyewa, wata kazar ta sake shan wahala a banza. Yayyena suka riƙa tsokanata cewa kajin gidanmu da sun ji sallamar tsohon nan sai su watse.

Inna, mahaifiyata, tana da nata bayanin. Ina jariri tana goye da ni, tana dawowa daga rijiya da damina, santsi ya kwashe ta, ta faɗi ta gefen dama. Kowa ya ce ko kukan kirki ban yi ba, amma ita ta riƙe ranar nan. "Ni na ɓata maka ƙafa," haka take cewa, ba da kuka ba, kamar dai tana cewa ruwa ya ƙare a randa. Ba ta taɓa yi mini tsawa ba, ba ta aike na. In aka yanka kaza a gidan, cinyar tawa ce, ba a ma tambaya. 'Yan'uwana suna jin haushi, ba su san na fi su jin haushi ba. Na tsani cinyar nan, domin na san haƙuri ake ba ni a kan abin da ban taɓa riƙe ta da shi ba.

Da ta karye karo na uku na riga na gama sakandare. Kawuna, mai sana'ar wake a Dawanau, ya ce a bar kaji su huta, ya ɗauke mu ni da Inna zuwa wani babban asibiti a Kano. Aka yi hoto. Likitar, wata mace mai magana a nutse, ta ce tana zaton wani ciwo ne da suke kira faibiros disfileshiya: a wani gurbi, maimakon ƙashi mai tauri, sai jiki ya cike wajen da wani abu mai laushi kamar zare-zare. Za su yi aiki, su miƙar da cinyar, su sa ƙarfe, su yanki guntun ƙashin su duba. Sannan ta roƙi mu bar musu ragowar guntun, saboda suna bincike a kan ciwon.

Nan na san za a yi ta. Inna ba ta yar da komai na jikin 'ya'yanta. Cibiyarmu, gashin askin suna, haƙoran da muka famfare, duk suna gindin tsamiyar bayan ɗakinta, ta binne su da bismillah.

"A ba ni abina in kai gida," in ji ta. "Jikin ɗan Adam ba ya zama a kwalba."

Likitar ta ce haƙƙinmu ne, ba dole. Inna ta gyara mayafi, sannan ta tambayi abin da ban zata ba.

"Likita, in kun duba, za ku gane ko faɗuwa ce ta jawo?"

"Za mu gane, Inna."

"To sai na ji tukuna."

Aka yi aiki lafiya. Ranar da sakamako ya fito, likitar ta jawo kujera kusa da gadona, ta ce zatonta ya tabbata, kuma ba ciwon daji ba ne. Ta ce masu bincike sun gano mafarin abin ne daga irin waɗannan guntayen da wasu mutane suka bari. Tun ɗa yana ciki, tun uwa ba ta ma tabbatar tana da cikin ba, wata ƙwayar halitta guda take kaucewa, ƙashin da ya fito daga gare ta ya tashi a haka. Ba gado ba ne daga uwa ko uba, ba abinci ba ne, ba faɗuwa ba ce.

"Ko ban faɗi ba?" in ji Inna.

"Ko a kan auduga kika rene shi, sai ta karye."

Ta ƙara da cewa har yanzu ba a sami maganin da zai mai da ƙashin daidai ba, shi ake nema. Inna ta dubi ƙafata ta daɗe, sannan ta ce, "Ku riƙe guntun. Wata uwar tana can tana tuhumar kanta. Amma in kun gama, a binne."

Guntun yana Kano har yau, ni kuma ina tafiya da ɗan ɗingishi, ina koyarwa a makarantar da na yi. Abin da na fi tunawa shi ne yammacin da aka sallamo mu. Aka yanka kaza don murna, Inna ta zauna rabo kamar kullum. Na miƙa kwanona ba tare da na duba ba. Sai na ga cinyar ta wuce ni, ta sauka a kwanon ƙanwata. Ni wuya aka saka mini.

"Me kake kallo?" in ji Inna. "In ka gama ka matsa ka ba mutane wuri, ka baje ƙafa a hanya."

Ita ce tsawa ta farko da ta taɓa yi mini. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona, na gwigwiye wuyan nan tas.