Baba Giya Huɗu

Maƙwabcina shekara talatin da biyu ya yi yana jan tasi, har idonsa ya yi hazo ya kusa bi ta kan wata mai talla. A ranar nan babban ɗansa, mai walda, ya ƙwace makulli. Motar ta zauna a ƙofar gida kaji suna kwana a ciki.

Da wutar lantarki ta yi wuya, ɗan ya kira bakanike suka ciro injin da giyarsa, suka girke kan ƙarafa a tsakar gida, suka haɗa da kan janareta. Aka sa giya ta huɗu aka bar ta nan. Sai dai da an kunna walda injin ya nutse, fitilu su yi ja. Dole wani ya riƙa ƙara mai daidai. To wa ya san kukan injin nan kamar tsoho? Aka ciro masa kujerarsa ta direba, aka ajiye gaban totur.

Zo ka ga mulki. Da safe zai yi wanka, ya kafa hula, ya zauna, ƙafa kan totur, kunne a karkace. Ni kuwa kullum sai na leƙo ta katanga na tambaye shi ko akwai wurin mutum ɗaya, sauri nake. Sau ɗaya ya tanka, ya ce gidan nan kaf, har firjin surukarsa, a kan ƙafarsa yake tafiya. Ni na raɗa masa Baba Giya Huɗu, har jikokinsa suka ɗauka.

Wata rana tsoho yana banɗaki, sai bakanike ya ɗaura wa injin wani ɗan ƙarfe, bai fi tafin hannu ba, mai ƙara mai da kansa, ya cire wayar totur. Ɗan ya roƙe mu kada a gaya masa. Sati uku tsoho yana danna iska, yana yi wa jama'a tsawa su daina surutu zai ji inji.

Bakina ba ya riƙe abu. Na leƙo na ce, "Direba, ɗaga ƙafar mana mu gani."

Ya ce fitilu za su mutu. Na ce ɗaga dai.

Ya ɗaga, walda na ci. Injin ko tari bai yi ba. Ya sake dannawa har ƙasa, ya saki, ya saurara. Sannan ya cire hula, ya lalubi bango ya shige ɗaki.

Bai ƙara zama kujerar ba. Da na ga rana za ta lalata ta, na roƙi ɗan ya ba ni. Tana ƙofar gidana yanzu, daɗin zama kuwa ba a magana.