Bangon da Bai Bushe Ba

A shekarun da Turawa ke haɗa komatsansu, En'e, wato hukumar gargajiya, ta tura ni Kibiya a matsayin malamin gona, na sauka a gidan kawuna, yayan mahaifiyata. Mu da muka yi makaranta a wancan zamani an hore mu da duban abu da kyau kafin mu buɗe baki, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi.

Kawu fataucin gyaɗa yake yi, kuma yana da rufin asiri daidai gwargwado. Amma ba da dukiya yake taƙama ba, da zaurensa yake taƙama. Da an sauko daga sallar la'asar dattawan unguwa sukan cika shi. A ja dara, a fasa goro, a shaƙi taba, a auna kowane mutumin garin a faɗi nauyinsa. Shi kuwa yana bisa buzu, ya jingina da bangon gabas, inda bayansa ya goge yaɓen har ya yi sheƙi. Bai yarda mutum ya cika mutum ba sai in ana taruwa a ƙofarsa.

A lokacin ne yayin dardumar bango ya iso ƙasarmu. Wani abokin cinikin Kawu a Rano shi ya fara. Ya sayo ta karan-miski a kantin Kwarori 'yan Labanan a Kano, mai hoton barewa tana shan ruwa a gindin wasu duwatsu masu farin kai. Kafin kaka ta zagayo, duk wanda ya sayar da gyaɗa sai ya kafa dabba a bango. Mutanen da suke yini korar awaki daga ɗaki su ne suka je har birni suka sayo barewa da dawisu suka shigo da su da hannunsu. Malamai suka yi ta jan kunne cewa mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoton abu mai rai. Masu darduma suka saurara cikin ladabi, suka koma gida suka ƙara ƙusa.

Kawu ya je Rano ya gani, ya dawo ransa a ɓace. Ya ce shi zai kafa wadda ta fi waccan, wadda kuma babu malamin da zai iya kushe ta. A shekarar da aka sami mulkin kai Allah ya kira shi Makka, ya dawo da tsarabar da ya yi alkawari: darduma mai faɗi ɗauke da hoton Ka'aba, da hasumiyoyi, da zaren zinariya a gefe. Liman ya zo ya sa albarka, ya ce irin wannan ba ta dace da ko'ina ba sai bangon gabas. Aka buga ƙusoshi daidai inda Kawu ke jingina.

Ranar farko zauren ya cika har waje. Sai da aka gama Masha Allah aka zo zama, sannan aka gane abin da aka yi. Ba a juya wa Ɗakin Allah baya, saboda haka Kawu ya janye buzunsa zuwa tsakiyar ɗaki, ya zauna ba majingini kamar baƙo. Ba a miƙe ƙafa wajen Ka'aba, saboda haka dattawa masu ciwon gwiwa suka tanƙwashe suna cije leɓe. Wanda ya tauna goro ya rasa inda zai tofar, ya haɗiye. Wanda ya ɗauko zancen wani kuwa, da ya ɗaga kai sai ya ƙarasa da salati. Ƙofar zauren tana yamma, don haka fita ma sai da baya da baya. Sarkin Fawa, abokin Kawu tun na ƙuruciya, mutum mai jiki, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa ya zube a waje, rawani a gefe guda.

Ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce, "Alhaji, kai ka je Makka a jirgi ka dawo lafiya, ni kuwa ka kawo mini ita gida za ta karya ni."

Kawu ya ce, "Tumbinka ne ya kayar da kai, mahaucin banza. Ka nemi gafara."

"Na nema. Amma gobe in ka ga ban zo ba, ina gindin tsamiyar tela. Can ko na yi ƙarya, tsamiya ce kaɗai ke kallona."

Haka kuwa aka yi. Ɗaya bayan ɗaya dattawan suka koma gindin tsamiya. Sukan biyo su yi sallama, su tsaya a gaban dardumar cikin natsuwa, su yaba, su wuce. A maimakonsu sai Kawu ya sami wasu baƙin. Ranar kasuwa tsofaffin mata daga Durba da Fassi sukan ajiye ƙoransu a ƙofa, su shafi gefen dardumar su shafa a fuska, su fita ba tare da sun lura akwai mai gida a zaune ba. Sunansa ya kai har Rano, mai barewa ma ya zo ya gani ya sunkuyar da kai. Kawu ya yi nasara, ya kuma zauna shi kaɗai. Da yamma nakan dawo daga gonakin gwaji in same shi yana jujjuya 'ya'yan dara a tafin hannu, shewar abokansa tana shigowa ta taga.

Cire ta kuma ba ya yiwuwa. Alhaji sabon dawowa ya sauke Ka'aba daga bango domin a ji daɗin gulma? Da garin ya ci namansa har ƙashi, kuma a gindin tsamiyar nan za a fara.

Da bazara ta kama, lokacin da kowa ke yaɓen gida kafin saukar ruwa, Kawu ya kira magini ya nuna masa wata tsaga a bangon gabas. Na duba, kuma idona a lokacin garau yake, ban ga tsagar da ta wuce ta gashin kai ba. Kawu ya aika aka kira Liman, ya tambaye shi a gaban jama'a ko ya halatta a bar hoton Ɗakin Allah a jikin bango mai laimar sabon yaɓe. Liman ya ce sam, girmamawa ita ce a killace shi sai bango ya bushe. Aka sauke dardumar da bisimilla, aka turara ta, aka naɗe cikin farin ƙyalle, aka sa a akwati. Magini ya yi yaɓensa ya tafi.

Washegari da la'asar Sarkin Fawa ya leƙo, ya ga bango tsirara, ya shigo ya miƙe ƙafafu har yatsunsa na ƙara. Kafin magariba babu wurin zama.

Bayan sati Sarkin Fawa ya ce, "Alhaji, bangon nan fa kamar ya bushe."

Kawu ya kai bayan hannu ya taɓa, ya yamutsa fuska. "Daga waje ne. Cikinsa da sauran danshi."

"Ai kuwa na ji sanyinsa daga nan," in ji Sarkin Fawa, ya jawo dara.

Damina ta wuce, rani ya zo da zafin da ke fasa ƙasa, aka canza ni zuwa Rano, na yi aure, na hau muƙami. Duk lokacin da na kai ziyara nakan tarar da zauren a cike. Lokaci-lokaci wani baƙo yakan tambayi labarin dardumar, sai dattawa su taɓa bangon ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tabbatar da danshi. Liman da kansa na ga ya taɓa, ya ce a ƙara haƙuri. Har Kawu ya koma ga Mahaliccinsa yana jingine da wannan bango, bayansa ya sake goge masa sheƙi, kuma ban taɓa jin mutum ɗaya a Kibiya ya ce ya bushe ba.