Ni da Surukata a Rumfar Mai Dokunu

Watan nan Mma ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa, amma har yau in na bi ta unguwar Maamobi a Akra na ji ƙamshin soyayyen kifi, sai dariya da ƙwalla su taso mini tare. Mma uwar mijina ce. Sunanta ba zai fita daga bakina ba ko a jarida, wannan yana cikin darussan gidanmu da ban yar ba. Sauran kuwa ita ta taya ni zubar da su.

Mahaifina ɗan kasuwa ne da ya zo Akra daga Nijar, ƙanwarsa Gwaggo Hassu ce ta raine ni. Kafin a kai ni gidan miji a unguwar Nima, ta zaunar da ni ta zayyana mini abin da ake nema ga mace: kada a ji takunta, kada a ga haƙorinta, kada uwar miji ta ga lomarta. A wurin Gwaggo wannan shi ne tawali'u. Ta ce mutanen Zango, wato namu da suka daɗe da zama a nan, sun cuɗanya da kowa har sun manta, ni ce zan je in tuna musu.

Ashe labarina ya riga ni isa. Maƙwabta sun cika wa Mma kunne cewa ɗanta ya ɗauko 'yar Hausa ta asali, wadda duk abin da ta gani sai ya koma gidansu. Mma haifaffiyar Nima ce, in ta yi dariya ana ji har bakin titi, amma ta ƙudurta ba za a raina gidanta ba. Ita ma ta ɗaura ɗamarar kunya.

Mijina direba ne, yana ɗauko doya daga arewacin ƙasar zuwa kasuwar Agbogbloshie, sai ya yi kwanaki ba ya nan. Gidan haya ne, baranda ɗaya muke zama, babu lungun da mutum zai ɓuya ya tauna. In na sauke tuwo in kai mata, ta ɗaga murfi, ta sa albarka, ta ce ta ƙoshi. Ni ma in ce na ƙoshi. Kwano ya zauna tsakaninmu yana hucewa, kowa na satar kallonsa, daga ƙarshe 'ya'yan maƙwabta su cinye. Yaran gidan nan sun yi kumatu a watan. Ni kuwa zane ya fara zame mini, mata suna ta yi mini barka wai laulayi ne.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da jiri ya kusa kayar da ni a bakin famfo, na ce zan je gaida Gwaggo, na ja mayafi na taka zuwa Maamobi inda ba a san fuskata ba. Can na samu wata mata 'yar ƙabilar Ga tana sayar da dokunu, tuwon masaran nan mai tsami da ake naɗewa a ganye, da kifi da yaji, ga benci a bayan labule. Nan na zama 'yar gida. Kullum da faɗuwar gaba nake ci, don na san in aka gan ni, sunan amarya mai cin abinci a titi ba zai bar ni ba har tsufa, Gwaggo kuma ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan biki ba.

Wata rana na ɗaga labule na tarar da wata mata ta juya baya, ta lulluɓe, tana ci kamar za a ƙwace. Na zauna a ɗaya gefen. Mai dokunu ta leƙo ta tambaye ta ko a ƙaro kifi kamar kullum. Matar ta miƙo kwano, sai na ga hannun. Zoben azurfa, ga lallen da ni da kaina na ƙunsa mata.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta juyo da kan kifi a bakinta, muka tsaya muna kallon juna.

"Ei, amarya. Kai ma ka zo?" ta ce, da Hausarta ta Zango.

Na ce gaida Gwaggo na zo. Ta ce ita ma ta'aziyya ta zo. Sai dariyar da ta yi wata guda tana dannewa ta ɓalle, har mai dokunu ta sake leƙowa.

"Zauna ka ci, 'yata. Wannan kunya zai kashe mu koraa, gaba ɗaya, kuma mai dokunu ne zai ci gadon."

Ta ɗauki kifinta ta sa a kwanona. Daga ranar kwano ɗaya muka koma ci, yaran maƙwabta suka koma ramarsu.

Yanzu ga shi ɗana ya yi aure. Matarsa sai ta ɗauki hoton abinci da waya kafin ta ci, kuma tana kiran mijinta da sunansa a gabana. Sa'o'ina suna ta cewa duniya ta lalace. Nakan tambayi kaina me Mma za ta ce. Ina jin za ta nemi a sa ta a hoton, sannan ta ce yajin bai ji ba. Na kuma san za ta yi tsaki in ta ji har yanzu wa'azin tawali'u mata ake auna wa, alhali maza suna bakin titi sun tura hula ƙeya suna shan romo, ba mai cewa uffan. Takan ce abin da muka yi ni da ita ba tawali'u ba ne, girman kai ne ya yafa mayafi, kowa na so a ce ta fi.

Tawali'un gaske a ciwonta na ƙarshe na gan shi. Ɓarin jikinta ya shanye, hannu ya daina kai loma. Matar da ta ciyar da rabin layinmu ta ji nauyin a ba ta a baki. 'Ya'yanta mata suka yi lallashi, ta datse baki ta juya ga bango. Muna kallo tana ƙarewa, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Na aika Maamobi aka sayo dokunu, na dama shi ya yi laushi, na zauna a bakin katifarta. Na fara kai cokali bakina, a gabanta, har da lasar leɓe. Ta bi ni da ido. Da ƙyar ta haɗa maganar, baki a karkace.

"Gwaggonka zai ji."

Na ce ta ji. Sai ta buɗe baki.

Mma ba ta bar gida ko zinariya ba, zoben nan ma 'yarta ce ta ɗauka. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ranar da aka kawo mini matar ɗana, ta shigo da tire, ta durƙusa, kai a sunkuye kamar yadda aka koya mata a gida. Na tambaye ta ko ta ci, ta ce ta ƙoshi. Na ja kwanon tsakaninmu, na wanke hannu, na yi lomar farko tana kallo.