Kawu Tasi'u da Sunan da Ya Zaɓa

Kawu Tasi'u ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a wurin gaisuwar mutuwa, kafin a shafa ya sauya tabarma sau biyu. Ƙanin mahaifiyata ne, manomi a Gidan Maje, wani ƙauye bayan Gezawa inda gona ke manne da gona har akuya ba ta iya ratsawa ba ta ci na wani ba. Da damina yana gona. Da rani ya ɗauki basillarsa ya tafi Dawanau ɗinkin bakin buhuna. A aji biyu na sakandare karatunsa ya tsaya. Amma shi da ƙanwarsa, Inna Furera, su suka rubuta Rumbu Bakwai, littafi huɗu, wanda mata ke saye ta waya daga Kano har Kaduna, daga baya kuma aka mayar da shi fim mai dogon zango.

Labarin wani mai gadin sito ne, Audu, da ke bin sawun ɓarayin hatsi da masu satar mutane. Ba su taɓa zama tare sun tsara shi ba. Inna Furera tana aure a wani ƙauyen, tafiyar rabin awa a babur. Littafin rubutu guda ne na 'yan makaranta ke kai da komo a tsakaninsu, mijinta Kassimu ke ɗauko shi ran kasuwa a cikin jakar leda. Kawu ya rubuta babi ya jefa Audu cikin bala'i, ya ajiye biro. Ita kuma ta fid da shi. Ya taɓa kulle Audu a sito aka cinna wa buhunan wuta, yana ta yi wa Kassimu fankama cewa wannan karon sai dai ta binne shi. Bayan mako guda littafin ya dawo, Audu ya fita ta ramin da gafiya ta ɓarke a gindin bango, ramin da Kawu da kansa ya ambata a babi na biyu ya manta. Ya karanta a tsaye, ya zagaya gida sau uku, ya ce yarinyar nan tun tana goye ba ta bari a ci ta.

Dokarsu ɗaya ce: ba a goge abin da wani ya rubuta, ba a kuma tambaya.

Na shigo cikin aikin a littafi na huɗu. Na gama digiri, na gama bautar ƙasa, ina zaune a gidanmu a Rijiyar Zaki ina tura takardun neman aiki babu mai amsawa. Shekarar ce man fetur ya ninka, kwanon gero ya gagari masu noma shi. Mutumin da ke buga musu rubutun a kwamfuta ya rufe shago saboda janareto ya fi ƙarfinsa. Kawu ya biyo daga Dawanau da ƙaiƙayi a gashinsa, ya dire mini littattafan rubutu uku, ya ce tunda Malam Digiri ba shi da ofis, ga ofis ya zo har gida. Ko ruwa bai gama sha ba ya miƙe.

Abin da ban sani ba shi ne ya ƙulla wa ƙanwarsa wata tsiya a wannan littafin. Mugun labarin shi ne mai nuna wa ɓarayi gidajen da ke da kuɗi, wanda yanzu kowa ke kira infoma. Kawu ya raɗa masa suna Muntaka, da gangan, don sunan surukin Inna Furera ne, mahaifin Kassimu. Ya san bakinta ba zai faɗi sunan ba, hannunta ma ba zai rubuta ba, yana so ya ga ta inda za ta ɓulle. Ita kuwa ba ta ko tsaya ba. Duk inda sunan ya kamata ya zo a babinta, sai ta sa abin da 'yan gidan ke kiran tsohon da shi, Na-Tsamiya, saboda tsamiyar ƙofar gidansa. A zatonta mai bugawa zai mayar da shi yadda yayanta ya rubuta. Kawu ya yi niyyar gaya mini. Ya manta.

Ni a birni na tashi. Tsohon ban san shi da wani suna ba sai Baban su Kassimu. Na ga mutum ɗaya da suna biyu, wannan babi Muntaka, wancan Na-Tsamiya, na ɗauka sakaci ne na waɗanda ba su yi nisa a boko ba. Na haɗa su wuri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, Muntaka Na-Tsamiya. Har daɗi na ji, na ce sunan ya dace da mugu. Kawu ƙaramar waya ce da shi, ba ya karanta abin da aka buga. Inna Furera kuma in rubutu ya bar hannunta ta gama da shi.

Khalilu, daraktan da ya yi fim ɗin littattafai ukun farko, ya karɓi na huɗu daga hannuna. Aka ɗauka da damina a wajen Ungogo, lokacin Kawu na fama da noman biyu, bai leƙa ko sau ɗaya ba. A zango na ƙarshe aka kama mugun, ya durƙusa yana kuka yana faɗin sunansa cikakke, yana cewa shi ke nuna gidan duk wanda ya sayar da sa.

Wata uku bayan fitowar fim ɗin aka shiga wani ƙauye kusa da na su Kassimu aka ɗauke matar wani mutum, kwana biyu da sayar da shanunsa. Wani, har yau ba mu san ko wane ne ba, ya yanko muryar ɗan wasan daga fim ɗin, babu hoto, daƙiƙa arba'in, ya saka a WhatsApp cewa ga infoman da aka kama ya yi bayani. Murya ta bi wayoyi, daga majalisa zuwa majalisa. Malam Muntaka Na-Tsamiya kuwa dillalin dabbobi ne, shekara talatin yana riƙe igiya a kara. Duk wanda ya sayar da sa a yankin nan, ya san nawa aka ba shi da aljihun da ya sa kuɗin.

Wata rana da hantsi Kawu ya kira ni. Bai yi sallama ba. Ya tambaye ni wane suna na buga. Na faɗa masa. Sai ya ce in ɗauko littattafan rubutun nan uku in same shi a tashar Gezawa yanzu.

Ban san yadda na isa ba. Na dai tuna na ba kwandasta kuɗi sau biyu. Kawu yana tsaye kan babur ɗin aro, injin na kunne yana cin man da ba shi da halin saye. A hanya bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce 'yan sa-kai sun zo kama Malam Muntaka tun safe, dagaci ya shigar da shi zaurensa ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ba mai taɓa shi sai an ji ba'asi. Ya ce bai san iya lokacin da dagaci zai iya tsayawa ba.

Mun tarar da ƙofar gidan dagaci cike. Akwai gora, akwai adda, akwai 'yan'uwan matar da aka ɗauke. Ana ta kunna muryar, wannan waya ta gama waccan ta ɗauka. Na hango tsohon daga cikin zaure, zaune a ƙasa, hularsa a kan gwiwa.

Kawu ya kutsa ya zube gaban dagaci. Ya ce muryar ta fim ce, shi ya rubuta labarin. Aka yi masa ihu. Na nemi buɗe fim ɗin a wayata, sabis ya ƙi. Da ƙyar ya buɗe aka ga ɗan wasan durƙushe. Wasu suka yi sanyi. Amma babban 'yan sa-kan ya ce wannan ma ya ƙara tabbatarwa, in ba an san halin mutum ba, yaya za a sa sunansa da laƙabinsa a fim? Ya ce marubucin ya san wani abu ne, ya faɗa a fakaice.

Kawu ya warware ledar ya shimfiɗa littattafan a ƙasa. Ya nuna rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, Muntaka kawai. Ya buɗe babi na gaba, rubutu mai kyau a jere, Na-Tsamiya kawai. Babu shafi ɗaya da sunayen suka haɗu. Ya nuna ni ya ce ga wanda ya haɗa, yaron birni ne, bai san komai ba. Aka tambayi mai ɗaya rubutun. Kawu ya kalli Kassimu, wanda ke tsaye a bakin zauren. Mutanen ƙauyen ba su san matarsa na rubutu ba, a littafin da wani suna take fitowa. Kassimu ya sunkuyar da kai, can ya ce a kira ta.

Ta zo cikin hijabi ta durƙusa a gefen zaure, bayanta ga surukinta. Dagaci ya miƙa mata littafin, ya ɗora yatsa a babin Kawu.

"Karanta mana sunan ɓarawon nan."

Ta duba shafin. Ta kawar da kai.

"Ke aka ce kin iya boko. Karanta."

"Ranka ya daɗe, sunan Baba ne."

"Na sani. Faɗa."

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Ba zan iya ba."

Wani dattijo a baya ya fara dariya, ya kasa tsayawa, wasu suka kama. Ba wanda ya buƙaci ƙarin bayani, kowa a wurin yana da suruka ko uwa da ke kewaye wani suna. Dagaci ya juya ga Kawu ya tambaye shi duk sunayen duniya me ya kai shi wannan. Kawu ya ce tsokana ce tsakaninsa da ƙanwarsa. Dagaci ya ce to ga tsokana ta tara mutum ɗari da makami. Babban 'yan sa-kan ya karɓi littafin ya juya shafuka ya daɗe, ya mayar, ya ce wa yaransa su tafi. 'Yan'uwan matar su suka tashi a ƙarshe, ba su yi dariya ba.

Kawu ya ja gwiwa har gaban tsohon ya ce, "Baba, ni na jawo maka. Ka yafe mini." Tsohon ya sa hularsa. Ya ce ya yafe, amma a je a gaya wa waya.

Waya ba ta ji ba. Khalilu ya sauke zangon, ya sa ɗan wasan ya yi bidiyo yana bayani, mutum ɗari uku suka kalla. Muryar kuwa ta kai Ɓaɓura, ta kai Ɗambatta, wani ya turo mini ita daga Legas yana cewa in yi hattara da mutanen ƙauyenmu. Har yanzu in saƙon murya ya shigo wayata sai na ajiye ta na fita waje kafin in iya saurara. Matar da aka ɗauke ta dawo bayan kwana goma sha tara. Ba a kama kowa ba, don haka ba a wanke kowa ba.

Mako uku Malam Muntaka yana zuwa kara yana zama a inda ya saba, ba wanda ya miƙa masa igiya. Ana gaishe shi daga nesa, a wuce da akuya wurin wani dillalin. A mako na huɗu bai fita ba. Kassimu ya ce ya daina cin tuwon kirki, yana wuni a ɗaki, shi da ko zazzaɓi ba ya hana shi kasuwa.

Kawu ya bar Dawanau ana tsakiyar hada-hadar wake, lokacin da mai basilla ke samun na shekara. Yana da rago guda da yake turke don layya. Ran kasuwa da sassafe ya kwance shi, ya bi ta gidan tsohon ya ɗauko shi kusan da ƙarfi, ni ina biye da su don ya ce in zo in gani. A tsakiyar kara, inda mutane suka fi yawa, ya miƙa masa igiyar, ya ɗaga murya ya ce ga ragonsa, dillalinsa kuma Malam Muntaka Na-Tsamiya, kuɗin ma a gidan Malam za su kwana.

Tsohon ya riƙe igiyar kamar ba zai motsa ba. Sai ya sunkuya ya buɗe bakin ragon, ya taɓa ƙirjinsa, ya ce wa Kawu wannan dusa yake ci ko takarda. Wani mahauci ya taya, tsohon ya ce albarka. Ya ƙara, ya ce albarka. Sai da suka kai kusan awa, Kawu na zagaya su kamar an ɗaure shi a turke, kafin tsohon ya sallama.

Wani Bafulatani da ya tsaya yana kallo da awaki biyu ya matso, ya koma, ya sake matsowa. Daga ƙarshe ya miƙa igiyar guda, ya riƙe ɗayar. Dabba biyu ke nan ranar, ga mutumin da a da yake sallamar ashirin kafin azahar. Da za mu tafi tsohon ya ce wa Kawu mako mai zuwa kada ya zo ɗaukarsa, ya san hanya, amma in yana da wani ragon ya fara ba shi abinci tun yau.