Mai Yankan Huhun Takarda

Yari ɗan mahauci ne a Agege, amma bai gaji komai a fawa ba sai ƙyamar jini. Zanen hula ya iya. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma ban taɓa son aikin da ya samu bayan yaƙin basasa ba.

Wani likita ne ke sayen huhun 'yan tayin tumaki a kwata, yana binciken yadda huhu ke girma a cikin ciki. Sai ya yanko shi siriri kamar fatar albasa, ya sa majigi ya haska hotonsa a kan farar takarda cikin wani ɗaki mai duhu. Yari ya bi da fensir, ya raba tsoka da ramukan da iska za ta shiga, ya yanke da almakashi, likita ya auna a sikeli. In ramukan sun yi faɗi, ɗan tayin ya isa shan iska. In ba su yi ba, ko an haife shi ba zai rayu ba.

Ga Batulu matar Yari kuwa da ciki, bayan ta haifi bakwaini biyu da ba su ko yi kuka ba. Ilimin nan bai yi wa Yari rana ba. Kullum yana kallon cikinta yana kintatar faɗin ramuka.

Ya taɓa ce mini, "Maƙwabci, takardun da nake zubarwa a kwando motsi suke yi, su taso su kwanta. Ɗakin nan ko taga babu."

Na ce ya rage shan shayi.

Wannan ɗan ma bai cika wata tara a ciki ba. A asibitin da likitan ke aiki aka haife shi, ya yi ta kokawa da numfashi daga hantsi zuwa la'asar, ya koma. Ni na yi masa wanka, na ga ɗan ɗinki a ƙirjinsa. Na rufe da likkafani, amma Yari ya riga ya gani.

Bayan bakwai ya koma aiki. Majigi ya haska, ya ga ramuka ƙanana, a matse, ba irin na tumaki ba.

"Oga, wannan huhun na wace dabba ne?"

"Ba shi da suna. Yi aikinka."

Ya yi ɗin. Sai dai ranar bai bi layi ba. Kowane rami ya tarar sai ya faɗaɗa shi da almakashi, har takardar ta koma kamar rariya. Likita ya ɗaga ta ya ce an ɓata masa awo, ya sallame shi nan take.

Yari ya shekara talatin yana ɗinkin hula a bakin tasha. Sau ɗaya na tambaye shi dalilin da ya sa ya faɗaɗa ramukan nan. Bai ɗago kai ba.

"Wuri na buɗa masa," in ji shi. "Ya matsu."