Mainasara Mai Gwada Hatsi da Turminsa na Ƙarshe

Shekarun Mainasara sittin da bakwai, arba'in daga ciki ya yi su yana gwada hatsi a kasuwar Mai'adua. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Idan fatake za su loda buhuna zuwa sito a Kano, shi suke kira. Zai ɗebi ƙwaya uku daga tsakiyar buhu, ya jefa a baki, ya lumshe ido ya ciza. Nan take zai faɗa maka ko waken ya bushe, ko kuwa zai yi fumfuna kafin wata biyu. Tsofaffin dillalai sun ce ba su tuna ranar da ya kuskure ba.

Sai dai busasshen hatsi ba ya raga wa haƙori. Ɗaya bayan ɗaya nasa suka kakkarye, har ya rage masa turame biyu kacal masu haɗuwa, na sama da na ƙasa, a gefen hagu. A kansu sana'ar ta tsaya. Bana na ƙasan ya yi kogo.

'Yarsa Haulatu, malamar firamare a Daura, ta yi masa katin inshorar lafiya, a zatonta za a cike masa giɓin duka. Ta kai shi wurin wata likitar haƙori, wadda ta leƙa bakin, ta duba katin.

"Baba, waɗanda suka zube kafin a yi maka kati, babu ruwan inshora da su. Mai ciwon nan kuwa za mu cire maka kyauta."

"In kun cire, kwa mayar da wani?"

"Ba ya cikin tsarin."

"Wato kun iya rushe katanga, ɗora tubali ne ba ku iya ba."

Likitar ta yi dariya. "Ko na roba muka saka, Baba, tuwo zai ci, ba busasshen wake ba. In kuma ka bar wannan, ciwon zai gangara muƙamuƙi."

Mainasara ya ce ta ba shi kasuwa huɗu.

Lahadi huɗu, ranar cin kasuwar, ya yi da kanumfari a cikin kogon. Duk buhun da aka kawo, sai ya cika tafin hannu, ya rufe da ɗayan, ya girgiza a bakin kunne. Ya yanke hukunci a ransa tukuna, kafin ya ciza don ya ji ko haƙori ya yarda da kunne. Kowane cizo sai ƙwalla ta cika masa ido.

Wani dillali, Sada, ya ce, "Yau kuma waya kake yi da wake?"

"E, naka ne ma. Ya ce ka hana shi shan rana."

A Lahadin farko kunnen ya saɓa sau shida. A ta huɗu bai saɓa ko sau ɗaya ba. Ranar Litinin ya hau mota zuwa Daura, ya buɗe wa likita baki.

Makon jiya wani falke ya kira shi kan buhu sittin na wake. Ya bi su yana girgizawa, ya ware goma sha ɗaya ya ce a shanya. Mai waken ya rantse sun bushe, ya ɗebi ƙwaya ya ciza da cikakkun haƙoransa, sai ya ji da sauran danshi. Mainasara ya kakkaɓe hannu, ya nufi layin gero.