Shingen Dattijo Liang

Dogara Ƙaraye mutum ne da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Manomi ne kafin ya zo Guangzhou ta ƙasar Sin, yau shekara tara ke nan yana ɗaure wa 'yan kasuwar Kano dilolin tufafi a kasuwar Canaan. Amma har gobe, in ya ga ciyawa ta yi tsayi, jikinsa tsuma yake. A garinsu, duk wanda ya bar duhuwa a bayan gida rago ne, kuma macizai yake gayyato wa iyalinsa.

Unguwar da yake haya tana gindin Dutsen Baiyun, da ɗan lambu tsakanin benaye. Mai kula da lambun wani dattijo ne, Liang. Ba sa jin yaren juna, sai gaisuwa da godiya. Duk da haka kullum da safe Liang zai tsiyaya masa shayi a murfin filas, su tsaya su sha shiru. A garin da mutane ke matsawa in ya zauna a mota, wannan shayin shi ne mutuncin Dogara.

Da bazara ta shigo, sai ya lura an aske ko'ina a lambun ban da shingen jikin katanga, wanda ya yi buzu-buzu. Nan take malam ya yanke hukunci: tsufa ne, gadon bayan dattijo ya gaza. Ko tambaya bai yi ba. Ran Lahadi da Liang ke hutu, ya ɗauko almakashin lambu ya duƙufa. Tsuntsaye na ta kuka a kansa, shi kuwa gogan naka har waƙar noma yake.

Sai da ya zo kwashe rassan ya ga sheƙa uku a ƙasa. Ƙwai sun fashe, ga 'yan tsaki biyu a mace, ko gashi ba su yi ba.

Maƙwabciyarsa Zalika, 'yar Maraɗi mai jin Sinanci, ta sauko ta riƙe baki.

"Malam Dogara, me ka yi haka? Ai da gangan ake barinsa. Tsuntsaye daga dutse suke saukowa su yi sheƙa a nan, ba a taɓa shi sai 'ya'yan sun tashi. Shekara biyu tsohon nan yana roƙon masu unguwa kafin su yarda."

Dogara ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi manomi, wanda ko a gona yakan kewaye sheƙar kurciya da garma!

Washegari bai gudu ba, wannan kam a yaba masa. Ya tsaya da almakashin a hannu, kai a ƙasa, yana jiran zagi. Liang ya daɗe yana duban shingen. Ya durƙusa da ƙyar, ya naɗe 'yan tsakin a hankici. Sannan ya buɗe filas, ya tsiyaya shayi, ya miƙa masa, ya ce masa ya gode. Ya gane taimako aka yi niyya.

Dogara ya karɓa. Ya ce wa Zalika daga baya, "Wallahi da marina ya yi, da ya fi mini sauƙi."

Shingen ya sake toho, ya yi duhu kamar da. Bana bazara ta biyu ke nan Dogara yana leƙa shi kowace safiya, kuma har yanzu babu sheƙa ko ɗaya.